Zancen Launin Garkuwa, da Yadda A Ke Zaɓen Wanda Ba Ya Tashi

Bara, sa'ad da aka rarraba mu ƙauyuka domin koyon koyarwa, ni rabona ya faɗa wajen Dudunni, cikin ƙasar Kusada, ba nisa da Kankiya. Ban daɗe da sauka ba sai aka ɗora mini wani aiki wanda na ɗauka ƙarami ne. Yaran babban aji za su yi wasan kwaikwayo na mayaƙan dā, aka ce in shirya musu garkuwoyi goma sha biyu. Waɗansu daga cikinsu kuwa iyayensu na da dawaki, suna so in salla ta zo su rataya garkuwar su bi ayarin hawa da ita. Iyayen yara suka yi karo-karo, na sayi ɗanyen ƙirgi, watau fatar sa da aka kankare gashinta aka shanya ba a jeme ba, na sayi fentin gwangwani irin wanda a ke shafa wa ƙofofi, ja da kore da fari. Muka yanka, muka shafa, muka jera su a rana suna ƙyalli, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya yaba. Wannan a ƙarshen damina ke nan.

To, hunturu bai kai tsakiya ba sai na buɗe ɗakin ajiya na tarad da abin kunya. Garkuwoyin duk sun kanannaɗe, fentin ya tsattsage, yana ɓamɓarowa kamar saɓar maciji. Na tsaya na yi shiru, gama kuɗin ba nawa ba ne, na talakawa ne da suka sayad da gyaɗarsu suka ba ni amana. Laifin kuwa ba na kowa ba ne sai nawa, don na shiga aikin da ban tambayi masu shi ba. Abin da na koya daga baya shi na ke so in shimfiɗa a nan, ko ya tsare wani daga cikinku, tun da ya ke babu malamin makaranta da irin wannan aiki ba zai same shi ba wata rana.

Bari mu fara da garkuwar kanta. A zamanin yaƙi, lokacin da Maraɗawa irin su Ɗan Baskore ke kawo hari ƙasar Katsina, ba don ado a ke riƙe ta ba, don tare kibiya da mashi ne. Akwai ƙarama mai kewaye wadda a ke kira kunkeli, akwai kuma manya masu tsawo da su kan rufe mahayi tun daga kafaɗa har gwiwa. Da fatar ɓauna a ke yin waɗansu, ko ta giwa, amma wadda ta fi daraja ita ce ta warwaji, wata farar dabbar hamada mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu. Abzinawa su ne gwanayen wannan, su kan bar ta da farinta na asali, su tsaga mata zane da bakin wuƙa, su ɗan manna jan ƙyalle da ƙusoshin tagulla. Ku lura da wannan da kyau: mutanen da suka fi kowa sanin ɗanyar fata ba su lulluɓe ta da launi ba. Warwaji dai yanzu ba abin taɓawa ba ne. A 2000 masana dabbobi suka ba da shela cewa ya ƙare ƙaƙaf a daji, sai daga 2016 aka fara mai da waɗanda aka kiwata a killace zuwa ƙasar Chadi.

Daga 1903, da Turawa suka ci ƙasar nan, yaƙi ya kwanta, garkuwa ta koma kayan hawa tare da lifidi da sulke da kwalkwali. An fito da su a Kano a 1925 domin tarbar Yariman Ingila, da Kaduna a 1956 domin Sarauniya, da kuma babban hawan Kaduna na 1977. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Mu nan Katsina, duk wanda ya taɓa tsayawa Ƙofar Soro ranar salla ya ga hakimai na shigowa da jama'arsu ana jafi, ya san abin da garkuwa ke sha: rana, da ƙura, da gumin doki, da gogayya da sirdi, da karo da ta maƙwabci. Har wa yau ga wani abu da ba kowa ya kan tuna ba. Shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11, sabo da haka salla tana zagaya lokatai, ta faɗo cikin bazara, bayan 'yan shekaru cikin hunturu, can gaba kuma cikin damina. Garkuwar da a ke so ta yi shekaru, tilas ta iya da dukkansu.

Turawa ma suna da irin wannan wasa. A Ingila da Jamus da Amurka akwai ƙungiyoyin da su kan sa kayan mayaƙan kakanninsu su yi ta bugun juna da takubba marasa kaifi, ko wane da alamar gidansa a garkuwa. Wannan al'ada ta alamu ta kafu wurinsu ne cikin ƙarni na 12, har a 1484 Sarki Richard na Uku ya kafa wa masu kula da ita majalisa a London, tana nan har yau. Abin da ya shafe mu shi ne yadda magabatansu su ke shirya garkuwa kafin launi ya taɓa ta. A babban cocin Kantabari akwai garkuwar wani ɗan sarki da a ke yi wa laƙabi da Baƙin Yarima, wanda ya rasu a 1376. Da katako marar nauyi aka yi ta, aka manna masa yadi, aka shafe da farin alli da aka kwaɓa da danƙon fata, kāna aka ɗora siffofin zakoki na matsattsiyar fata aka yi musu launi. Yau ta haura shekara 600. Launinta ya dushe ƙwarai, har a 1954 aka yi wata sabuwa irinta aka rataya bisa kabarin a madadinta, amma jikinta da siffofinta suna nan. Watau rabin aikinsu a ƙarƙashin launin ya ke, inda ido ba ya gani. Ni kuwa wannan rabin ne na tsallake.

Ga asalin maganar. Ko wane fenti abu biyu ne aka gama: garin launi, da abin da ke riƙe garin ya manne shi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ko bai san ya sani ba. Tawadarmu baƙin gawayi ne da ƙaro. Gawayi ba ya dushewa ko ya shekara dubu a rana, amma da an zuba wa allo ruwa sai rubutu ya bi ruwan, domin ƙaro narkewa ya ke. Da gangan aka yi haka, don a wanke a sake biyawa. Ashe ke nan launi na iya zama mai ƙarko, mariƙinsa ya zama rago. Ko kuwa mariƙin ya yi ƙarfi, launin ya gudu ya bar shi. Na uku kuma shi ne jikin da aka shafa wa. In ɗaya cikin ukun nan ya saɓa wa sauran, aiki ya ɓaci.

Nawa ya ɓaci ne ta wajen na ukun. Ɗanyar fata ba ta zama wuri ɗaya. Da damina ta kan sha laima ta kumbura ta yi laushi, da hunturu ta ƙanƙance ta ƙandare. Ku dubi ganga: makaɗi ya kan kai ta rana ko bakin wuta kafin ta yi zaƙi. Fentin ƙofa kuwa in ya bushe ya kan zama ɓawo mai tauri, yana kuma ƙara tauri da tsufa. Fata ta motsa a ƙarƙashinsa, shi bai iya binta ba, sai ya fashe. Bayan wannan ga maiƙon da ke jikin fatar, wanda ya hana shi kamawa tun ran farko.

Da abin ya dame ni sai na ɗauki garkuwa ɗaya ranar kasuwa na kai wa wani tsohon baduku. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga abin da ya same ni." Ya jujjuya ta, ya sa farce ya ɓamɓare fentin, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ka yi wa fata aikin bango." Sa'an nan ya jawo wata tsohuwar jakar sirdi ya ce in kankare janta in gani. Na kankara, babu abin da ya taso, gama launin ba bisa fatar ya ke ba, cikinta ya ke. Nan na gane bambancin rini da fenti. Rini shiga ya ke yi cikin jiki, fenti kuwa zama ya ke a kai kamar riga. Abin da ya shiga ciki ba ya ɓamɓarewa, iyakarsa ya dushe.

Amma rini ya fi kama jemammiyar fata, wadda majema suka jiƙa cikin ruwan bagaruwa. Sabo da haka dabarar dukawa ita ce a bar ɗanyen ƙirgi ya zama ƙashin garkuwa, a yanko alamar daga rinanniyar fatar akuya, a ɗinka ta a kai da tsinke da zaren fata. Ko da ƙirgin ya motsa, ɗinkin na binsa. Fatar akuyan nan kuwa ba abin rainawa ba ce. Ita ce ayari ke ƙetare hamada da ita tun dā, Turawa suka sa mata sunan Maroko don daga can ta ke isa hannunsu, suna yi wa littattafansu bango da ita.

Launukan dukawa ba ƙarfinsu ɗaya ba. Baƙi shi ne sarkinsu. Kuloko a ke ce da shi, kashin maƙera ne ko tsatsar ƙarfe a ke jiƙawa cikin ruwa mai tsami, da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ƙarfen ya gamu da ɗacin bagaruwar, wurin ya yi baƙi nan take. Ba ya wankuwa, rana ba ta cika cinsa ba. Aibinsa ɗaya, in an cika shi ya kan ƙona fata, bayan shekaru wurin ya riƙa karyewa. Ja kuwa daga karan dafi ya ke, watau kuben ganyen wata irin dawa da a ke shukawa domin rini kaɗai, a daka a jiƙa da ruwan toka ko kanwa. Yana da ƙarko gwargwado, in ya tsufa ya kan yi duhu ne ya koma kamar jinin kare, ni a idona ma ya fi kyau a haka. Shuɗi na baba shi ma yana jure rana, sai dai ya kan goge ya shafi farar riga, kamar yadda duk mai sa rawanin turkuɗi ya sani. Tsanwa daga tagulla a ke samunta, da aka bar ƙurarta cikin abu mai tsami har ta yi tsatsa kore. Tana da kyau, amma guba ce, kada malami ya bar yara su taɓa haɗa ta. Rawaya ta gangamau ita ce raguwar cikinsu. 'Yan kwanaki kaɗan a rana sun isa su kore ta, in kuma ruwan kanwa ko sabulu ya ɗiga mata sai ta rikiɗe ta yi ja. Garurar kanti ma, duk da hasken da ta ke ɗaukar ido da shi ran farko, yawancinta ba ta da haƙurin rana.

In ana zancen garin launi wanda ba ya gudu, babu kamar na ƙasa. Jar ƙasa da rawayar ƙasa tsatsar ƙarfe ce Allah ya ajiye cikin turɓaya, rana ba ta da abin da za ta yi mata. A duwatsun Birnin Kudu cikin Jihar Jigawa akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi da irin wannan, ga su nan har yanzu ana zuwa kallo. Sabo da haka in kun je sayen fenti, ja mai duhu irin na ƙasa, da baƙi, da fari, sun fi ja mai haske da ruwan hoda da rawaya mai walƙiya daɗewa.

To, ba ko wace makaranta ke da baduku kusa ba, ba ko wace kuma ke da kuɗin fata ba. Wanda zai yi da katako, sai ya bi hanyar Turawan dā. A sami katakon nan mai falle-falle na kafintoci, a goge shi da samfefa, a shafa masa farin gam na kafinta, a shimfiɗa akoko ko wani yadin auduga a kai, a ja shi sosai a naɗe bakinsa ta baya. Amfanin yadin shi ne ya riƙe fenti, in katako ya tsage kuma ya hana tsagar fitowa fili. In ya bushe a yi masa farin shafe na fari, sau biyu, a sake gogewa kaɗan, kāna a zana alama da fensir.

Fentin da za a ɗora iri uku ne a kasuwa. Akwai na ruwa da a ke shafa wa bango, shi ne mafi araha, amma yawancinsa alli ne, da an goga jiƙaƙƙen tsumma sai ya biyo. Wannan a bar shi ga garkuwar kwali ta wasan yini ɗaya. Akwai mai mai, irin wanda ya kunyata ni. Kada in zalunce shi: a bisa katako ko ƙarfe yana da ƙarko, ruwa ba ya ratsa shi, sai dai yana son kwanaki kafin ya ƙeƙashe sosai, kuma inda aka doke shi ya kan ɓalle. Waɗansu irinsa, musamman ja da rawaya, a kan sa musu dalma, ita kuwa dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, don haka a karanta jikin gwangwani, kada kuma a bar yaro ya kankare tsohon fenti ya shaƙi ƙurarsa. Na uku shi ne akirilik, wanda aka fara sayarwa a Amurka wajen tsakiyar shekarun 1950, masu rubuta allunan shaguna da masu zane sun san shi. Da ruwa a ke tsinka shi, amma in ya bushe ruwa ba ya narkar da shi, gama mariƙinsa wani irin roba ne mai miƙewa. Shi kaɗai ne cikin ukun ke bin yadi ko jemammiyar fata in sun tanƙwara. Ya fi tsada, amma ɗan kaɗan ya kan isa, don siriri a ke shafa shi, sau uku, ana bari ko wane ya bushe. Shafi ɗaya mai kauri shi ne ke tsagewa. In a kan fata za a sa shi, a fara goge maiƙonta da sifirit.

Wani abokina ya ce mini me zai hana mu kwaɓa jar ƙasa da man gyaɗa mu huta da saye. Ba ya yiwuwa. Man da Turawa ke fenti da shi na 'ya'yan wata shuka ne da su ke saƙa da zarenta, wanda in ya sha iska ya kan daskare ya zama fata-fata. Man gyaɗa da man shanu da man kaɗe ba su yin haka, sai su zauna da danƙo suna tara ƙura har su yi ɗoyi. Wurin man kaɗe daban ne: bayan an gama rini a shafa shi kaɗan don fata ta yi laushi. Bayan rini na ce, ba kafinsa ba.

Kada ku gaskata ni, kada kuma ku gaskata mai kanti, ku gwada. Wannan shi ne darasin da yarana suka fi jin daɗinsa. Muka yanka guntayen fata da na katako mai yadi, muka shafa wa ko wane launi ɗaya, muka rubuta sunansa a baya. Muka rufe rabin ko wane da kwali, muka ɗora su bisa rufin ɗaki kwana 40. Da muka sauko da su muka cire kwalin, sai ga shaida a fili. Gangamau ya kusa komawa fari, garura ta yi fatsi-fatsi, karan dafi ya ɗan sauya, kuloko da jar ƙasa kuwa sai ka duba da kyau kafin ka ga iyakar inda kwalin ya tsaya. Sa'an nan muka tanƙwara ko wane sau ashirin, muka goge shi da tsumman da aka jiƙa da ruwan gishiri a madadin gumin doki, muka karce shi da farce. Yaran da kansu suka rubuta sakamakon a allo, ba wanda ya ƙara tambayata dalilin da za mu bar rawayan nan mai kyau.

Saura zancen alamar kanta. Turawa na da wata ƙa'ida da na ga ta dace da hankali. Sun kasa launuka gida biyu, masu haske, watau fari da rawaya, da masu duhu, watau ja da baƙi da shuɗi da kore da shunayya. Suka ce kada a ɗora mai duhu bisa mai duhu, ko mai haske bisa mai haske, don a gane alama daga nesa. Ku dubi tambarin Nijeriya: garkuwa baƙa, da farin zane mai rassa biyu a kanta, watau Kwara da Binuwai. Ni da na sa jan tauraro bisa kore, daga taku hamsin cikin ƙura ba ka ganin kome sai duhu. Alamunmu na gida kuwa sun ishe mu, ga dagi da ke jikin soraye da wuyan riguna, ga tauraro, ga jinjirin wata, ga takobi da mashi gicciye. Zakoki da gaggafa na Turawa mu bar musu, iyaye da yawa ba za su so siffar mai rai a hannun 'ya'yansu ba. Abu ɗaya na hana yarana ƙememe, shi ne rubuta aya ko sunan Allah a garkuwa, domin abu ne da a ke jingine shi a ƙasa, doki ya taka, yaro ya zauna a kai.

Muka sake goma sha biyun nan. Huɗu na masu dawaki baduku ya ɗinka musu baƙin dagi da ja bisa farin ƙirgi, takwas na wasa muka yi su da katako da akoko da akirilik. Muka ɗaure bakin ko wace da tsirin fata, gama ta baki lalacewa ke farawa. Kuɗin wannan karon daga guzurina ya fito. Kafin in taso na kafa ƙusoshi a bangon ɗakin ajiya, nesa da taga, na rataye su ɗai ɗai ba mai taɓa wata, na sa kwali tsakaninsu da bango sabo da gara, na kuma gaya wa babban yaron aji ya riƙa sauko da su yana kaɗe musu ƙura duk ƙarshen wata, in damina ta yi nisa kuma ya fito da na fatar su sha iska a inuwa.